SHARHI: Ranar da aka buga a jikin kwalbar madara ba ta san an ɗauke wuta ba

A ƙarshen watan Oktoban 2024, galibin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Tun da farko an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, daga baya kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda Arewa ta koma ta jingina da shi, shi ma ya samu tangarɗa. An yi ta ƙirga asara a kafafen yaɗa labarai: masu walda, masu injin niƙa, masu cajin waya, masu ƙanƙara, asibitoci. Abin da ban ji wani ya ƙirga ba shi ne kwalaben madara da yogot da fura da suka kwana suka wuni a firjin shaguna, suka ɗumama, suka sake sanyi da janareta ya tashi, suka sake ɗumama da mai ya ƙare, daga ƙarshe aka miƙa su ga masu saye. Ranar ƙarewar wa'adin da ke jikinsu tana nan yadda aka buga ta a kamfani. Ko kwana ɗaya ba ta ragu ba.

Wannan rana alkawari ce mai sharaɗi. Ma'anarta ita ce, idan abin da ke cikin kwalbar ya zauna a sanyin da aka rubuta, wanda ga madara da danginta ake so ya kasance wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, to zai kai ranar lafiya. Da zarar sharaɗin ya karye, alkawarin ya tashi, amma tawadar ba ta gogewa. Mai shago yana duba ranar, mai saye yana duba ranar, jami'in da ya zo bincike ma ranar yake dubawa. Dukkansu suna karanta amsar wani lissafi ne da aka yi wa firjin da wutarsa ba ta yankewa.

Gwamnati da kanta ta bayyana cewa irin wannan firji ba shi da yawa a Najeriya. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kasa masu amfani da wuta gida biyar. Rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, B sa'o'i 16, C sa'o'i 12, D sa'o'i 8, E kuwa sa'o'i 4. A lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, hukumar ta ce rukunin bai wuce kashi 15 cikin 100 na masu biyan kuɗin wuta ba. Hukumomin lafiyar abinci na Amurka kuwa suna shawartar jama'a cewa firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa na kimanin sa'o'i 4 ne, shi ma idan ba a buɗe shi ba. Wato ko ɗan gata na rukunin A, a ranar da aka cika masa alkawari daidai wa daida, a bakin iyaka yake tsaye. Firjin shago kuma ba a barin ƙofarsa ta huta, balle a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40.

Sa'o'i 3 a Hokkaido

Wanda yake ganin ƙasashen da suka ci gaba sun fi ƙarfin irin wannan matsala, ya duba abin da ya faru a Japan. Ranar 31 ga Maris, 2000, wuta ta ɗauke na kimanin sa'o'i 3 a masana'antar kamfanin Snow Brand da ke Taiki a tsibirin Hokkaido. Kamfanin shi ne mafi girma a harkar madara a ƙasar a lokacin. Madarar da ake cikin sarrafawa ta tsaya a cikin bututu da tankuna da ɗuminta, ta kuma ƙara wasu sa'o'i a haka kafin aiki ya koma daidai. A wannan tsakani ƙwayar cutar da ake kira Stafilokokus ta hayayyafa, ta zuba dafinta a ciki. Aka busar da madarar ta zama gari. Gwajin cikin gida ya nuna ƙwayoyin cuta sun yi yawa a wani ɓangare na garin, amma aka mayar da shi cikin sabon aiki, bisa tunanin cewa zafin injin zai kashe komai.

Zafin ya kashe ƙwayoyin, amma bai taɓa dafin ba, domin dafin Stafilokokus yana jure tafasa. A ƙarshen watan Yuni, madarar da masana'antar kamfanin ta Osaka ta haɗa da wannan gari ta shiga kasuwa. Fiye da mutum 13,000 suka kamu da amai da gudawa. Shugaban kamfanin ya yi murabus, sunan kamfanin kuma bai sake komawa yadda yake ba.

Japanawa sun iya bin sawun cutar daga cikin marasa lafiya a Osaka har zuwa sa'o'in da wuta ta ɗauke a wani tsibiri watanni 3 kafin nan, saboda akwai rubutaccen tarihin abin da ya faru a masana'antar. Wutar da ta ɗauke musu sau ɗaya ta zama abin kunya na ƙasa baki ɗaya. A nan kuwa ɗauke wuta na sa'o'i 3 ko labari ba ya zama.

Yadda ake lissafin

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Rage musu gudu yake yi. Ko daskarewa ma galibi kwantar da su kawai take yi, da ƙanƙarar ta narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Dafa madara a masana'anta, wanda ake yi a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, yana kashe masu cutarwa da ke yawo a ciki, amma ba ya kashe ƙwayayen iri masu tauri irin na Basilus, ba ya kuma hana wata ƙwayar ta sake shiga daga bututu, ko murfi, ko hannun ma'aikaci. Saboda haka tambayar da masana ke yi ita ce: 'yan kaɗan ɗin da suka rage, cikin kwana nawa za su kai yawan da zai kwantar da mutum?

Ƙwayar da ta fi tayar wa masu harkar madara hankali ita ce Listeriya, domin ita firji bai dame ta ba. Tana iya hayayyafa har a kusa da digirin daskarewa. A 1987 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Rosenow da Marth, sun auna saurin rabuwarta a cikin madara. A digiri 4, ƙwaya ɗaya kan ɗauki kimanin kwana ɗaya da rabi kafin ta zama biyu. A digiri 8, kimanin sa'o'i 12. A digiri 13, sa'o'i 5 zuwa 6. A digiri 21, ƙasa da sa'o'i 2. A digiri 35 kuwa, wajen minti 40.

Duba yadda tazarar take tafiya. Ƙarin digiri 4 kacal, daga 4 zuwa 8, wanda hannunka ba zai bambance ba idan ka taɓa kwalbar, ya ninka saurin sau uku. Wannan dangantaka ce David Ratkowsky da abokan aikinsa a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya suka mayar da ita lissafi a 1982: saurin hayayyafa yana hawa ne kamar lambar da aka ninka da kanta, gwargwadon yadda zafi ya ɗara mafi ƙarancin digirin da ƙwayar ke iya motsi a cikinsa. A 1994 kuma József Baranyi da Terry Roberts a Birtaniya suka fito da tsarin da ke bin ƙwayoyin a yanayin da zafi ke hawa da sauka, wanda shi ne ya fi kama da halin da muke ciki. Tsarin nasu yana la'akari da cewa ƙwayar da ta shiga sabon wuri tana ɗan jinkiri kafin ta saba ta fara rabuwa. Ɗumin da firji ya yi a daren farko yana iya cinye wannan jinkiri. Komawar sanyi da safe ba ta dawo da shi, kuma abin da aka riga aka haifa ba ya komawa.

Bari in yi lissafi mai sauƙi da waɗannan alƙaluma. Firji na farko tsoho ne, ba ya sanyi sosai, amma yana tsaye a digiri 8 dare da rana. A sa'o'i 24 ƙwayar za ta rabu sau 2, yawanta ya ninka sau 4. Firji na biyu sabo ne, yana riƙe digiri 4 na sa'o'i 18, amma kullum ana kashe janareta, madarar ta yi sa'o'i 6 a digiri 21. Idan aka ɗauki matsakaici, firjin biyu kusan ɗaya suke, duka wajen digiri 8. Amma a na biyun ƙwayar za ta rabu kusan sau 4 a rana, yawanta ya ninka kimanin sau 14, kuma kusan duk aikin a cikin sa'o'in nan 6 aka yi shi. Bayan kwana 5, ƙwaya ɗaya a firji na farko ta zama wajen 1,000. A na biyu ta haura 500,000.

Lissafin ya sauƙaƙa abubuwa, domin madara ba ta tsalle daga digiri 4 zuwa 21 a take, a hankali take hawa, ƙaramar kwalba kuma ta fi babbar jarka saurin ɗaukar zafi. Ainihin tsare-tsaren suna yanka rana ne gunduwa-gunduwa, su lissafa abin da ya ƙaru a kowane ɗan taƙi, su tara. Amma sakamakon ba ya sauya alƙibla: matsakaicin sanyi yana ɓoye haɗari, kuma wanda ya buɗe firji da rana ya ji sanyi bai san abin da ya wakana da tsakar dare ba. Don a gane girman lambobin, dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta hana abincin da ake ci ba tare da an sake dafawa ba ya wuce ƙwayar Listeriya 100 a kowane giram har ranarsa ta ƙarshe a kanti. Dokar ta kuma ambaci irin wannan lissafi cikin hanyoyin da kamfani zai iya kafa hujjar wa'adin da ya buga.

Hanci ba ya taimakawa a nan. Ƙwayoyin da ke sa madara wari ko tsinkewa daban suke, kuma yawancinsu ɓarnar dukiya kawai suke yi. Listeriya ba ta canza wari ko ɗanɗano. Cutar da take haddasawa tana iya ɗaukar makonni kafin ta bayyana, har kwana 70 a wasu lokuta, ta zo da zazzaɓi da ciwon jiki, ko sanƙarau, ko ɓarin ciki, ko haihuwar jariri ba rai. Masu juna biyu, jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su ne abin harinta, kuma cikin waɗanda ta yi wa mummunan kamu kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba sa tashi. A Massachusetts ta Amurka a 1983, madarar da aka dafa aka rufe ta kwantar da mutum 49, 14 suka rasu. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, fiye da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, kuma sai da aka shafe fiye da shekara kafin ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar a watan Maris na 2018 cewa daga wani sarrafaffen nama da ake ajiyewa a firji cutar ta fito. Ƙasar da ke da ɗakunan gwaji masu ƙarfi ke nan. A wurinmu, inda zazzaɓi kan tashi a matsayin maleriya ko taifot tun kafin a ɗebi jini, matar da ta yi ɓari ba wanda zai tambaye ta abin da ta sha wata guda da ya wuce.

To, ina nono da kindirmo?

Za a ce ai mu ba ɗanyar madarar kwalba muka fi sha ba, nono muke sha da yogot, kuma kakanninmu sun sha nono ba su san firji ba. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma kimiyya tana bayanta. Tsami kariya ne. A ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, sabuwar madara tana wajen 6.7, yogot da ya nuna kuma tsakanin 4 da 4.6. Listeriya tana daina hayayyafa idan aka sauka ƙasa da kimanin 4.4. Bafulatanar da ta kafa nono ta kawo shi kasuwa cikin ƙwarya ta sayar a ranar, tana amfani da fasahar da ta dace da ƙasa mai zafi. Haɗarin da ke tattare da ita na wani fanni ne: nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauko tarin fuka na shanu ko cutar burusela daga jikin saniya, ruwan da aka sirka da shi kuma yana iya zuwa da nasa kayan.

Abin da ke cikin firjin shagunan birni ya bambanta da wannan. Yawancinsa garin madara ne aka dama da ruwa, aka kafa, aka zuba sukari, aka rage tsami don bakin mai saye, wani kuma aka haɗa shi da fura, ko dabino, ko kwakwa, aka rufe a kwalba aka ba shi wa'adin kwanaki ko makonni. Kowane abu da aka ƙara bayan an kafa yogot yana iya zuwa da ƙwayoyinsa, yana kuma iya rage tsamin da ke tsare kwalbar. Gero, kamar sauran hatsi, sananniyar mahaya ce ta ƙwayayen irin Basilus. Sannan akwai sa'o'in farko, lokacin da madarar ke ɗumi tsami bai kama ba: idan abin kafawar ya yi rauni, Stafilokokus na iya rigan tsamin, ta zuba dafin da ba tsami ba tafasa da ke cire shi. Wasu nau'o'in ƙwayar Ikolai kuma suna iya daɗewa a raye cikin tsami ko da ba su ƙaru ba. Kwalbar fura da yogot ta zamani ta bar kariyar gargajiya ta sayarwa a rana guda, ta dogara da firji, firjin kuma ya dogara da wutar da babu.

A unguwar da nake zaune, kamar yadda duk mai zuwa shago da sassafe ya sani, firizar kwance ake cika wa kaya, a daskarar da su idan wuta ta zo, a bar su su narke a hankali idan ta tafi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, barin janareta ya kwana yana aiki ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Wanda ya koma sola ma, sau da yawa batirinsa ba ya kai firiza asuba. Ba na zargin mai shago da mugunta. Lissafin ribarsa yake yi, kuma babu wanda ya taɓa ba shi ɗayan lissafin.

Abin da lissafin ke buƙata, da abin da ba zai iya ba

Kayan aikin ba su da tsada. Rumbun bayanai na ComBase, wanda hukumomin Amurka da Birtaniya suka buɗe a 2003, yana ɗauke da dubban gwaje-gwajen hayayyafar ƙwayoyin cuta a abinci, kuma kyauta ake shigarsa ta intanet. Ɗalibin kimiyyar abinci zai iya zuba masa tarihin sanyin firji na mako guda, sa'a bayan sa'a, ya ga zanen yadda Listeriya za ta hau. Abin da ya rage shi ne tarihin sanyin kansa. Ana samunsa ne da 'yar na'urar da ba ta fi akwatin ashana girma ba, wadda ake jefawa cikin firji ko bayan mota tana rubuta digiri kowane 'yan mintoci.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan ilimi. An gina yawancin tsare-tsaren ne da gwajin da aka yi a ɗakunan binciken Turai da Amurka, sau da yawa a cikin ruwan kiwon ƙwayoyi maimakon ainihin abinci, shi ya sa sukan yi hasashen saurin da ya ɗara na zahiri. Kuskuren ya karkata wajen kariya, amma ga ƙaramin mai sana'a yana iya zama umarnin zubar da kayan da lafiyarsu ƙalau. Kindirmo da fura suna da nasu tsamin da nasu ƙwayoyi masu amfani da ke gogayya da masu cutarwa, kuma tsarin da aka auna da madarar Wisconsin ba zai san wannan ba sai an gwada shi a kansu. Lissafin kuma ba ya gaya maka ko ƙwayar tana cikin kwalbar tun farko. Abin da yake gaya maka shi ne inda za ta kai idan tana ciki. Aikin daidaita shi da abincinmu aiki ne irin na Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya da sassan kimiyyar abinci na jami'o'inmu, kuma bai kai tsadar taron ƙaddamar da manufa guda ɗaya a Abuja ba.

Abin mamakin shi ne Arewa ta riga ta san wannan dabara ta wata ƙofar. Tun 1996 kwalaben rigakafin shan-inna suke zuwa da wani ɗan tambari mai murabba'i a cikin da'ira. Murabba'in yana duhu a hankali gwargwadon zafin da kwalbar ta sha da tsawon lokacin da ta sha shi, kuma ba ya komawa fari idan an mayar da ita sanyi. Da ya yi duhu kamar da'irar, ma'aikaciyar rigakafi ta san ta jefar, ko da ranar da ke jiki ba ta cika ba. Dubban matan da suka bi gida-gida har aka tabbatar da kawar da cutar ta daji a Najeriya a 2020 sun iya karanta wannan tambari. Firjin rigakafi a cibiyoyin lafiya da dama ma yana da na'urar rubuta sanyi. Ƙasar da ta yarda cewa ranar da aka buga ba ta isa shaida a kan maganin da za a ɗiga wa yaro ba, ita ce ta yarda da ranar a kan madarar da yaron zai sha.

Lita ake ƙirgawa

A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, ta kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. Alƙaluman da jami'ai ke maimaitawa su ne ƙasar tana samar da kimanin tan 700,000 na madara a shekara, tana shan fiye da ninkin haka, tana kuma kashe wajen dala biliyan 1.5 wajen shigo da gibin. Maganar da ake yi duk ta ƙara yawa ce: ingantaccen iri, ciyawa, cibiyoyin tattara madara. Babu laifi a ciki. Sai dai garin madarar ƙasashen waje bai mamaye kasuwarmu don araha kaɗai ba. Ya mamaye ta ne domin buhunsa yana iya zama watanni a kasuwar Singa ba ya neman wuta ko ta minti ɗaya. Madarar kwali da aka dafa a zafin da ya haura digiri 135 ita ma haka take kafin a buɗe ta. Wani kaso na dala biliyan 1.5 ɗin nan kuɗin rashin wuta ne. Duk litar da aka ƙara tatsa a ruga, idan ba ta samu sanyi cikin 'yan sa'o'i ba, ko dai ta lalace a hanya, ko ta isa gari da tarihin da babu wanda ya rubuta.

A ɓangaren doka, NAFDAC tana buƙatar a rubuta ranar haɗawa, ranar ƙarewa, lambar rukuni da yanayin ajiya a jikin kayan abinci. Da kayan sun bar ƙofar kamfani kuma, sai alhaki ya tarwatse tsakanin direban mota, dillali, mai shago, duba-garin ƙaramar hukuma da hukumomin kare masu saye. Idan kwalba ta cutar da mutum, kamfani zai ce ya rubuta a ajiye a sanyi, mai shago zai ce ranar ba ta wuce ba, kuma kowannensu yana da gaskiya a takarda. Jihar Kano ta ga yadda hukumomi ke motsi a 2021, lokacin da gurɓataccen garin haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwa ya kashe wasu: an kai samame kasuwanni, an kwashe kaya, amma bayan asibitoci sun cika. Wancan guba ce mai saurin nunawa. Wadda ke ɗaukar makonni ba ta tara marasa lafiya a rana ɗaya balle a kai samame. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000, mafi muni a duniya idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Gyaran da nake ganin ya fi kusa shi ne a sauya tambayar da ake yi wa kamfani. Wanda ya buga wa'adin mako biyu ko uku a kwalbar da ke buƙatar sanyi, ya nuna cewa ya gwada ta a irin hawa da saukar da za ta tarar a hanyar Kaduna zuwa Gusau da kuma firjin rukunin C ko D, ba a tsayayyen digiri 4 na ɗakin gwaji ba. Idan gwajin ya ce kwana 6, a buga kwana 6. Manyan kamfanoni da manyan kantuna su riƙa ajiye tarihin sanyin motocinsu da firjinsu, mai bincike ya duba shi kamar yadda yake duba rasit. Ina sane da inda irin wannan shawara kan ƙare a Najeriya: ta zama sabon shingen karɓar na goro, a bar mai babban kamfani a tasa matar da ke haɗa yogot a ɗakin girkinta a gaba. Shi ya sa ya dace nauyin ya bi tsawon wa'adin da mutum ya yi iƙirari. Mai sayarwa a rana ɗaya ko biyu a koya mata tsafta da auna tsami, wanda takardar gwaji mai arha ke yi. Mai neman makonni ya kawo hujja.

Kafin a kai can, abin da ke hannun mai saye kaɗan ne. Madarar da aka buɗe, ko aka dama daga gari, idan wuta ta yi fiye da sa'o'i 4 ba ta dawo ba, ba a mayar da ita ga jariri ko mai juna biyu don kawai ta sake sanyi. Tafasawa tana kashe Listeriya, amma ba ta cire dafin Stafilokokus. Kwalbar da ta kumbura, ko wadda ruwa ya rabu da kaurinta alamar ta daskare ta narke, ta ba da labarin kanta, sai dai wadda ba ta nuna komai ba ma ba ta wanke kanta ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumar gwamnatin tarayya, ta kuma wajabta amsa cikin kwana 7. Akwai tambayoyin da ƙungiyar ɗalibai ko ta masu saye za ta iya aika wa NAFDAC da sabuwar ma'aikatar kiwo a shafi guda: a wane digiri aka gwada wa'adin yogot da madarar da aka yi wa rajista, kamfanoni nawa ne suka miƙa gwajin da ya haɗa da yankewar sanyi, kuma kwalba nawa aka janye daga kasuwannin Arewa a makonnin da suka biyo bayan duhun Oktoban 2024.